Motar Lantarki a Yuro 100 a Wata: Hannun Wa Tallafin Gwamnati Yake Faɗawa?

A ranar 1 ga Janairun 2024 gwamnatin Faransa ta buɗe wani shiri da ƙasar ba ta taɓa yin irinsa ba. Ƙaramin ma'aikaci zai shiga shagon dillalin motoci, ya sa hannu a kan sabuwar motar lantarki dal, ba tare da ya ajiye ko sisi na kafin alƙalami ba, ya riƙa biyan hayar Yuro 100 ko ƙasa da haka duk wata har shekara uku. Alkawari ne da shugaban ƙasa Emmanuel Macron ya ɗauka a yaƙin neman zaɓen 2022, kuma gwamnati ta yi lissafin cewa mutum 20,000 zuwa 25,000 za su nema a tsawon shekarar. Kafin mako shida ya cika, masu nema sun haura 90,000, an amince wa kusan 50,000, kuɗin da aka ware sun ƙare, aka rufe rajista a tsakiyar Fabrairu. Shekaru aka yi ana cewa talaka ba ya son motar lantarki, cewa abin ƙawa ne na masu hali da mazauna manyan birane. Makonnin nan shida sun nuna kuɗin ne ba shi da su. Ganina shi ne, cikin duk hanyoyin da gwamnatoci suka gwada na tallafa wa motar lantarki, wannan haya da ake aunawa da ƙarfin aljihun mutum da nisan wurin aikinsa ita ce ta fi kai kuɗin jama'a inda ake buƙatarsu, kuma babban aibin shirin Faransa shi ne ƙanƙantarsa da yadda ake kunna shi ana kashewa.

Da farko, me ya sa gwamnati za ta sa hannu a cinikin mota? Sufuri shi ne ɓangaren da ya fi fitar da hayaƙi mai ɗumama duniya a Faransa, wajen kashi 30 cikin 100 na jimillar abin da ƙasar take fitarwa, kuma kusan rabin wannan daga ƙananan motocin mutane yake fitowa. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta sa shekarar 2035 a matsayin wa'adin daina sayar da sababbin motocin fetur da dizal, ko da yake ana ta ja-in-ja kan sassauta ta. Motar lantarki kuwa tana da wata ɗabi'a da ke raba mai shi da marar shi tun daga bakin ƙofa. Tana da tsada ranar saye, saboda batir ɗinta kaɗai yana cin kaso mai tsoka na farashin, amma tana da araha ranar hawa, don wutar caji ta fi mai sauƙi, ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba matsalar salansa. Wanda yake da kuɗi a ajiye zai biya tsadar farko ya ci moriyar arahar daga baya. Wanda albashinsa ke ƙarewa kafin wata ya mutu ba zai tsallake ranar sayen ba, sai ya ci gaba da zuba wa tsohuwar motarsa mai, ya biya fiye da na mai kuɗi a kan kowace kilomita.

Hanyar da yawancin ƙasashe suka fara bi ita ce rage wa mai saye wani abu daga farashi. Faransa ta fara hakan tun 2008, da tsarin da ke ba da rangwame ga mota mai ƙarancin hayaƙi, ya ɗora haraji kan mai yawan hayaƙi. Zuwa 2023 rangwamen ya kai Yuro 5,000, ko 7,000 ga masu ƙaramin ƙarfi, a kan motar da farashinta bai wuce Yuro 47,000 ba. Matsalar tana cikin tambayar wane ne yake sayen sabuwar mota tun asali. A Faransa, duk sabuwar mota ɗaya da aka sayar, ana sayar da ta hannu kusan uku. Fiye da rabin sababbin ma kamfanoni ne da masu ba da haya suke ɗauka, kuma mutumin da ke sayen sabuwa da kuɗinsa, a matsakaicin lissafi, ya haura shekara hamsin, ya riga ya kafu. Rangwamen Yuro 5,000 a kan motar Yuro 35,000 alheri ne ga wanda ke da sauran 30,000 ɗin ko bankin da zai ranta masa su. Amurka ta fi bayyana wannan. Rangwamenta na Dala 7,500 ya daɗe yana zuwa ne ta hanyar ragin harajin shekara, wato sai harajin da ake bin ka ya kai wannan adadi kafin ka ci moriyarsa gaba ɗaya. Masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Severin Borenstein da Lucas Davis, sun bi diddigin takardun haraji na shekarun farko, suka gano kusan kashi 90 cikin 100 na wannan rangwame ya tafi ga kashi 20 na gidajen da suka fi kowa samun kuɗi. Da yawa daga cikinsu da sun sayi motar ko babu tallafin. Hatta Nowe, wadda ta yi wa kowa fintinƙau har kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a can a 2024 na lantarki ne, ta kai ga haka ne da yafe harajin kaya na kashi 25 cikin 100, wanda yake ƙaruwa da tsadar mota, har a 2023 ta ga dole ta dawo da harajin a kan abin da ya haura Kurona 500,000. Nowe tana da asusun man fetur da zai ɗauki wannan nauyi. Ƙasashe ƙalilan ne suke da irinsa.

Faransa tana da nata dalili na musamman na neman wata hanya. A watan Nuwamban 2018, ƙarin harajin mai da aka yi da sunan kare muhalli ya fito da ɗaruruwan dubban mutane kan tituna sanye da riguna ruwan ɗorawa, suka tare shataletale da hanyoyin shiga gari har tsawon watanni. Mafi yawansu ba mazauna Paris ba ne, inda jirgin ƙasa ke wucewa a ƙarƙashin kowace unguwa. Mutanen ƙananan garuruwa ne da bayan gari, waɗanda tsadar gida ta kora nesa da wurin aiki, waɗanda shekaru da yawa gwamnati ta ƙarfafa musu sayen motar dizal, sannan aka wayi gari ana ce musu su ne masu ɓata iska. Gwamnati ta janye ƙarin harajin. Abin da ya rage a zukatan masu mulki shi ne cewa duk manufar muhalli da ta ɗora wa wannan rukuni kuɗi ba tare da ta ba su mafita ba, ba za ta tsaya da ƙafafunta ba.

Sharuɗɗan hayar 2024 an yanka su ne daidai da jikin waɗannan mutane, kuma sun cancanci a duba su da kyau, don a nan hikimar shirin take. Sharaɗi na farko shi ne kuɗin shiga: abin da gida yake samu a shekara, idan aka raba shi bisa kason iyali kamar yadda hukumar haraji take yi, kada ya wuce Yuro 15,400 ga kowane kaso. Miji da mata da ɗa ɗaya kaso biyu da rabi ne, wato Yuro 38,500 a shekara. Ba a buƙatar wani kwamiti ko wasiƙar wani babba, adadin yana rubuce a takardar harajin da kowane gida ke karɓa duk shekara. Sharaɗi na biyu shi ne buƙata: ko gidanka ya yi nisan fiye da kilomita 15 daga wurin aiki kuma da motarka kake zuwa, ko aikinka yana sa ka tafiyar fiye da kilomita 8,000 a shekara. Wanda ya cika biyun, gwamnati tana biyan har Yuro 13,000 a madadinsa a matsayin zubin farko, shi kuma ya ɗauki sauran a matsayin haya, da izinin tafiyar kilomita 12,000 a shekara ba ƙarin caji. Kamfanoni suka shiga gasa, farashi ya faɗi ƙasa da ɗarin da aka yi alkawari: Renault Twingo ta lantarki a Yuro 40 a wata, Fiat 500e a 49, Citroën ë-C3 a 54, Peugeot e-208 a 99, manyan motocin iyali kuma har zuwa 150.

A ɗauki mace mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu, irin aikin da ake biya kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda a 2024 yake wajen Yuro 1,400 a wata bayan an cire na cirewa. A ce tana tafiyar kilomita 1,000 a wata daga wannan ƙauye zuwa wancan. Tsohuwar motarta mai shan lita shida a kowace kilomita ɗari, da mai a wajen Yuro 1.80 lita, tana cinye mata kusan Yuro 110 a wata a gidan mai kaɗai, ban da ranar da kulocin ya mutu ko bakanike ya ce sai an sauke inji. Ƙaramar motar lantarki tana shan wajen ma'aunin wuta 15 a tafiyar kilomita ɗari. Idan ta jona ta a soket ɗin gareji da daddare ta cire da asuba, a farashin wutar gida na wancan lokaci, wajen santim 25 kowane ma'auni, kuɗin wata ba zai kai Yuro 40 ba. Rarar da ta samu, Yuro 70 ko kusa da haka, ta biya hayar ë-C3 har da canji. Wato wannan mata ta koma hawan sabuwar mota mai garanti, kuma abin da ke fita daga aljihunta a wata bai ƙaru ba. Wannan lissafi ne mutane 90,000 suka yi a teburin cin abincinsu, ba sai wani ya yi musu wa'azin sauyin yanayi ba.

Akwai dalilin da ya sa haya ta fi saye dacewa da irin wannan gida, bayan batun kuɗin farko. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya ɗaukar kasada, kuma motar lantarki tana da kasada biyu da mai saye ke tsoro: ko batir zai yi rauni, da kuma nawa motar za ta yi daraja ranar sayarwa. Tsoro na biyu ya tabbata a 2023 da 2024, lokacin da Tesla ta karya farashin sababbin motocinta, darajar na hannu ta zube a kasuwannin Turai da Amurka. A tsarin haya, wannan asara tana wuyan kamfanin da ya ba da motar, wanda yake da dubban motoci da masana lissafi da zai iya raba asarar a kansu. Ma'aikaciya ta san adadi ɗaya, shi za ta biya, shekara uku.

Suka ta farko da ake yi wa shirin ita ce tsada, kuma ba a raina ta. Yuro 13,000 sau 50,000 ya kama Yuro miliyan 650, a shekarar da giɓin kasafin Faransa ya kai kashi 5.8 cikin 100 na arzikin ƙasa, kuma a cikin watan da aka rufe rajistar ne ministan kuɗi Bruno Le Maire ya sanar da zaftare Yuro biliyan 10 daga kashe-kashen gwamnati. Mai suka zai ce da kuɗin mota ɗaya ta haya an ba mutum uku rangwamen saye. Gaskiya ne, amma a tambayi mutum ukun nan ko da za su sayi motar in babu rangwamen. Idan biyu daga cikinsu da ma sun yi niyya, to kuɗin mutum uku aka kashe aka samu ƙarin mota ɗaya a kan titi. A haya kuwa kusan kowace mota ƙari ce, don gidan da ke ƙasa da wannan mizani na kuɗin shiga ba ya cikin masu sayen sabuwar mota. Kuma an zaɓi masu yawan tafiya ne, saboda haka kowace mota tana maye gurbin mai mai yawa, sau da yawa na tsohuwar dizal. Sannan a kwatanta da abin da gwamnatin nan ta yi a 2022, lokacin da yaƙin Yukren ya tayar da farashin mai: ta rage wa kowa santim 18 a kan lita, daga baya 30, ta kashe kusan Yuro biliyan 8 cikin watanni tara. Mai babbar mota ya fi kowa cin moriya, har da baƙin da ke tsallako iyaka su cika tanki, kuma ranar da aka daina ba abin da ya rage a hannun kowa. Duk wanda ya bi muhawarar tallafin mai a Najeriya kafin a cire shi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya san wannan hoto: tallafin da ke bin lita yana ƙarewa a tankin wanda ya fi shan lita. Da kashi ɗaya cikin goma sha biyu na wancan kuɗi, haya ta raba gidaje 50,000 da gidan mai.

Suka ta biyu ta masu kishin muhalli ce, cewa mota mota ce ko da lantarki take tafiya, tana buƙatar titi da wurin ajiya da ma'adinan da ake haƙa a Kwango da Chile, kuma da an zuba kuɗin a jiragen ƙasa da bas-bas. A cikin birni suna da gaskiya. Amma sharaɗin kilomita 15 ya riga ya amsa musu. Ma'aikacin masana'anta da zai shiga aiki ƙarfe biyar na asuba a bayan gari, ko mai jinyar da za ta ziyarci gida takwas a ƙauyuka biyar, babu jadawalin bas da zai yi musu aiki, yau ko nan da shekara goma. Mota za su hau, abin tambaya wace iri. A Faransa kuma amsar ta fi sauƙi, don kusan kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar daga tashoshin nukiliya take fitowa, hayaƙinta kaɗan ne ƙwarai. Mai karatu a Nijar ya san wani yanki na labarin wannan wuta fiye da mai hawa motar: shekaru da dama yuraniyom ɗin Arlit yana cikin abin da ke kunna waɗannan tashoshi, alhali garuruwan da ke kusa da ma'adinan suna fama da ƙarancin wuta, kuma wannan tsohon ƙorafi yana cikin abin da ya kai ga gwamnatin Yamai ta karɓe kamfanin Somaïr daga hannun kamfanin Orano na Faransa a 2025.

Suka ta uku ita ce ta fi wuyar amsawa. Ana cewa shirin tallafi ne ga kamfanonin mota na Renault da Stellantis aka sa masa rigar talaka. Daga Disamban 2023 Faransa ta sa wani ma'auni da ke lissafa hayaƙin da aka fitar wajen ƙera mota da jigilarta, duk motar da ba ta kai maki ba ba ta samun tallafi. A aikace wannan ya fitar da motocin da ake ƙerawa a Sin, har da Dacia Spring, wadda ita ce mafi araha a kasuwar Faransa a lokacin, da MG4, da Tesla Model 3 ta masana'antar Shanghai. A Oktoban 2024 Tarayyar Turai ta ƙara nata harajin shigo da kaya a kan motocin Sin, kashi 17 cikin 100 a kan BYD, sama da 35 a kan SAIC, ban da kashi 10 da ke akwai tun da. Idan manufar ita ce mota mai araha ga marar ƙarfi, me ya sa za a rufe ƙofa ga mafi arahar? Ma'aunin yana da tushe na gaskiya, don ƙarfe da batir da aka sarrafa da wutar kwal suna zuwa da hayaƙinsu tun kafin motar ta taka titi. Kuma gwamnatin da za ta nemi ƙuri'ar ma'aikatan masana'antun mota na Douai da Sochaux ba za ta iya gaya musu cewa harajinsu ya tafi sayen motocin da za su rufe masana'antarsu ba. Duk da haka dole a yarda cewa kariya tana da farashi, kuma wani ɓangare na Yuro 13,000 ɗin nan farashin kariya ne. Hujjar ayyukan yi ma ba ta cika ba, tunda ë-C3 a Slovakia ake ƙera ta, Twingo ta lantarki a Slovenia. Abin da ke kare shirin a nan shi ne ya tilasta wa kamfanonin Turai komawa ga ƙaramar mota, bayan shekarun da suka yi suna gujewa gare ta suna bin manyan motoci masu riba. Gwamnati ta zama mai ciniki da ke cewa ga kasuwar motoci dubu hamsin, amma sai ga wanda ya sauko da farashi. Sharaɗin wannan kariya ya kamata ya zama na wa'adi: idan shekaru suka wuce farashi bai sauko ba, a buɗe ƙofa.

Akwai kuma raunin da masu yabon shirin ba su cika ambata ba. Hayar ë-C3 ta Yuro 54 ɗin nan ba ta haɗa da inshora ba, kuma sabuwar motar haya tana buƙatar cikakkiyar inshora, wadda ga matashin direba za ta iya fin hayar kanta. Lissafin rarar mai ya dogara ne kan caji a gida. Wanda ke zaune a bene na huɗu a gidajen haya, yake ajiye mota a bakin titi, zai dogara ga tashoshin caji na kuɗi, inda farashi kan ninka na gida ko ya fi, rarar ta narke. Wannan yana nufin shirin ya fi yi wa talakan ƙauye mai tsakar gida aiki fiye da talakan unguwannin bayan birni, kuma ba a gyara hakan sai da soket a wuraren ajiye motoci na gidajen gwamnati da wuraren aiki, a farashin da aka ƙayyade. Sannan ga tambayar ƙarshen wa'adi. Wanda ya sayar da tsohuwar motarsa a 2024 zai mayar da ta hayar a 2027, kuma in bai iya biyan ragowar farashinta ba, ko ba a sabunta masa ba, zai tsaya ba mota, ba kuɗin saye, ƙila ma da takardar cajin ƙarzunan da aka gani a jikin fenti. Tsohuwar dizal, duk da ɓarnarta, tasa ce.

Amma babu raunin da ya kai na rashin tabbas. Shirin da aka ƙiyasta mutum miliyan 4 zuwa 5 sun cancanci shiga, ya ɗauki 50,000 ya rufe, wato wajen mutum ɗaya cikin ɗari, kuma waɗanda suka samu su ne waɗanda suka ji labari da wuri suka ruga. Dillalai su suka fara biyan kason gwamnati daga aljihunsu, suka jira watanni kafin a mayar musu. Sauran masu buƙata suka daina saye suka zauna jiran zagaye na gaba, wanda bai zo ba sai bayan fiye da shekara ɗaya da rabi, kuma a tsakanin an zaftare rangwamen saye har sau biyu, aka soke kuɗin da ake ba mai miƙa tsohuwar mota a Disamban 2024. Kason motar lantarki a kasuwar Faransa ya tsaya cak a wajen kashi 17 cikin 100 a 2023 da 2024. Ba Faransa kaɗai ke da wannan cuta ba. Jamus ta kashe nata tallafin cikin kwana ɗaya ko biyu a Disamban 2023, bayan kotun tsarin mulki ta haramta wa gwamnati juya bashin Yuro biliyan 60, cinikin motar lantarki ya faɗi da kashi 27 cikin 100 a shekarar da ta biyo. A Italiya, kuɗin da aka ware a Yunin 2024 sun ƙare cikin sa'o'i tara. Amurka, wadda a 2022 ta gyara tsarinta ta sa iyakar kuɗin shiga da rangwamen Dala 4,000 ga motar hannu, ta soke duka a ranar 30 ga Satumban 2025. Masana'antar da ke tsara sabuwar mota shekara huɗu kafin ta fito ba za ta gina layin ƙaramar mota a kan alkawarin da ke mutuwa cikin mako shida ba. Tallafi ƙarami da aka san zai kai shekara biyar ya fi babba da ake rabawa kamar an watsa wa kaji tsaba.

Zagaye na biyu, da aka buɗe ranar 30 ga Satumban 2025, ya nuna an koyi wani abu, an kuma ƙirƙiro sabuwar matsala. Motoci 50,000 ne dai, an ɗaga iyakar kuɗin shiga zuwa Yuro 16,300, an rage kason gwamnati zuwa Yuro 7,000 a mafi yawa, an yarda haya ta kai kusa da Yuro 200 a wata. Rage tallafin yana da hujja, tunda farashin batir ya sauko kuma ƙananan motoci irin su Renault 5 sun shigo kasuwa, ko da yake haya mai kusan Yuro 150 ta riga ta fi ƙarfin wasu da aka yi shirin dominsu. Matsalar tana wajen inda kuɗin ke fitowa. Yuro miliyan 370 na wannan zagaye ba daga kasafin ƙasa suka fito ba, daga wani tsari ne da ke wajabta wa kamfanonin makamashi ɗaukar nauyin ayyukan tsimin wuta da mai. Kamfanonin ba daga ribarsu suke biya ba, suna mayar da kuɗin kan takardar wuta da farashin lita. Ma'ana, ma'aikacin da bai samu shiga ba, wanda har yanzu yake kan tsohuwar dizal, yana biyan wani ɓangare na hayar maƙwabcinsa duk ranar da ya sha mai. Akwai mafi adalci a kusa. Faransa tana karɓar haraji a kan sababbin motoci masu yawan hayaƙi da masu nauyi, wanda ƙololuwarsa ta kai Yuro 60,000 a 2024, 70,000 a 2025. Mai sayen babbar mota shi ya dace ya ɗauki nauyin ƙaramar, kuma da doka ta ɗaure wannan kuɗi ga haya kai tsaye, da shirin ya samu abin da ya fi rasa, wato tabbacin shekara mai zuwa. Asusun da Tarayyar Turai ta tanada daga 2026 don rage wa marasa ƙarfi raɗaɗin harajin hayaƙi shi ma an yi shi ne don irin wannan.

Ribar shirin mafi girma ba ta bayyana ba tukuna. Motocin zagayen farko za su fara dawowa hannun dillalai a 2027, ƙanana, masu shekara uku, da tafiyar da ba ta wuce kilomita 36,000 ba a mafi yawansu, da sauran garantin batir, wanda bisa al'adar kamfanonin shekara takwas ne ko kilomita 160,000. Wannan ita ce kasuwar da yawancin Faransawa suke sayen mota a cikinta, kuma ita ce ta fi ƙarancin motar lantarki mai araha. Mota ɗaya da aka tallafa sau ɗaya za ta yi wa gida na biyu da na uku aiki, kuma irin motar da aka tallafa yau ita ce za a samu a hannu gobe: ƙasar da ta ba da rangwame kan manyan motoci masu tsada, su za ta gani a kasuwar gwanjo. Sarƙar ba ta tsaya a Turai ba. Yawancin motocin da ke kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi sun fara rayuwarsu ne a Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano ko Lome ko Legas, kuma abin da ake yi wa rajista a can yau shi ne zai sauka a tashoshin nan bayan shekara goma ko sha biyar, da batir ɗin da ya riga ya ci rabin ƙarfinsa in ba a sa ido ba. Najeriya ta cire harajin VAT daga motocin lantarki a 2024, irin rangwamen da ke amfanar wanda ya riga ya iya shigo da motar.

Abin da ke gaban Faransa kafin 2027 a bayyane yake. Wanda ya biya hayarsa shekara uku ba fashi ya samu damar sabuntawa ko sayen motar a farashin da aka sanar tun yanzu. Motocin da aka mayar su shiga zagaye na biyu na haya a rabin kuɗi, da takardar gwajin lafiyar batir, ga waɗanda hayar sabuwa ta fi ƙarfinsu. Dokar zagayen 2024 ta yarda da motar hannu, sai dai a lokacin babu motocin da za a bayar. A 2027 za a same su, har dubu hamsin.